Harlem: Tsohon gida ya shiga kasuwa, ƴan unguwa ba su da ƙarfin taya shi

A farkon shekarar 2016 dillalan gidaje na birnin New York suka fitar da tallar wani tsohon gidan bene a titi na 120, cikin unguwar Harlem. Faɗin gidan kimanin mita 6 ne, bangonsa na dama da na hagu kuma a manne suke da na maƙwabta. An sa masa kuɗi dala miliyan 5 da ƴan kai. Bayan ƴan watanni aka sallama shi a kan dala miliyan 4 da ɗoriya, abin da ya haura miliyar 2 na CFA.

Gidan na marigayiya Maya Angelou ne, marubuciyar nan baƙar fata da ta rasu a 2014. Ita ce ta karanta waƙa a bikin rantsar da shugaba Bill Clinton a 1993, ta kuma yi zaman birnin Accra na Ghana a farkon shekarun 1960. Lokacin da ta sayi gidan a 2002 kango ne. Ta gyara shi daga ƙasa har sama, ta sa masa na'urar hawa bene, ya zama wurin da take tara baƙi idan ta shigo gari.

Daga ƙofar gidan, tafiyar layi huɗu ce zuwa titi na 116, inda masallacin Malcolm Shabazz yake da koriyar ƙubbarsa, ga kasuwar ƴan Afirka a kusa da shi. A wannan titi mutum zai ji Wolof da Bambara da Fillanci da Faransanci, wani lokaci har Hausa da Zabarmanci. Duk tallar gida da za a yi a wannan yanki sai an ambaci abu biyu: tarihin unguwar, da yadda ƙabilu da launuka suka cakuɗe a cikinta. Sai dai mutanen da suka kafa tarihin, da waɗanda suka kawo cakuɗuwar, kaɗan ne daga cikinsu za su iya ko da taya irin wannan gida.

Yaya gidan yake?

Irin waɗannan gidaje a jere ake gina su, kafaɗa da kafaɗa, babu lungu tsakanin wannan da wancan. Mutanen New York na kiran su brownstone, wato dutse mai ruwan ƙasa. Ainihin ginin na jan bulo ne, fuskarsa kawai ake lulluɓewa da dutsen. Akasarin dutsen an haƙo shi ne a garin Portland na jihar Connecticut da kuma jihar New Jersey, ana ɗauko shi ta jirgin ruwa.

Ƙuncin gidajen ya samo asali daga tsarin birni na 1811, wanda ya yanka tsibirin Manhattan layi-layi. Fili ɗaya yakan zo da faɗin mita 7 da rabi, da zurfin mita 30. Masu gini don riba suka riƙa matse faɗin, suna mayar da shi mita 6 ko 5, domin jere ɗaya ya ɗauki gidaje da yawa. Abin da aka rasa a faɗi sai a nemo shi a sama: hawa uku, huɗu, wani lokaci biyar.

Matakala ce ta dutse ke ɗaukar baƙo daga bakin titi zuwa babbar ƙofa, wadda ke buɗewa cikin falo mai dogon rufi. A ƙarƙashin matakalar akwai wata ƙaramar ƙofa, wadda a da ta masu aikin gida ce da masu kawo kaya, tana shiga madafa. A baya kuma akwai ɗan tsakar gida. Iyali ɗaya aka yi wa tsarin gidan gaba ɗaya. Ita matakalar waje, da tafiya ta yi tafiya, ta zama dandalin unguwa: da bazara tsofaffi na shan iska a kai, yara na wasa a gabansu, kamar dai dakalin ƙofar gida.

An gina wa wasu, wasu suka raya

Turawan Holan ne suka kafa ƙauyen Harlem a 1658, suka ba shi sunan wani gari na ƙasarsu. Ya daɗe yana gonaki. Da jirgin ƙasa mai bi ta kan gada ya iso yankin a wajajen 1880, sai masu kuɗi suka ruga suna gina jerin gidaje domin Turawa masu hali, Jamusawa da Yahudawa da sauransu.

Misalin da aka fi sani shi ne na titi na 138 da na 139, inda wani ɗan kwangila mai suna David King ya gina jerin gidaje tsakanin 1891 da 1893. Kasuwa ta karye, gidajen suka koma hannun kamfanin inshorar da ya ba da bashin ginin. Kamfanin ya ƙi sayar wa baƙar fata har zuwa 1919. Da ya buɗe ƙofa, likitoci da lauyoyi da mawaƙa baƙaƙe suka saye su a kan kimanin dala 8,000 kowanne. Tun daga lokacin ake kiran wurin Strivers' Row, wato layin masu fafutukar neman ci gaba. Har yau akwai rubutu a wasu ƙofofin layin da ke umartar mahayi ya bi da dokinsa a hankali.

Kafin nan, a 1904, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso Harlem, aka yi gine-gine fiye da buƙata, gidaje suka rasa masu shiga. Wani dillali baƙar fata, Philip Payton, ya kafa kamfani a wannan shekara yana karɓar gidajen yana zuba ƴan'uwansa haya. Daga nan aka shiga babbar hijirar baƙaƙen Amurka, inda kimanin mutum miliyan 6 suka bar jihohin kudu tsakanin 1910 da 1970, suna gudun wariya da kisan gilla da talauci. Wasu kuma suka zo daga tsibiran Karebiyan. A shekarun 1920 Harlem ta zama cibiyar adabi da kiɗa da siyasar baƙar fata. Marcus Garvey a nan ya kafa hedikwatarsa. Mawaƙi Langston Hughes ya yi shekarunsa 20 na ƙarshe a saman bene na wani gida irin wannan a titi na 127, har rasuwarsa a 1967. Malcolm X kuma ya jagoranci masallacin ƙungiyar Nation of Islam na unguwar daga 1954 zuwa 1964.

Duk wannan suna da unguwar ta yi, akasarin mazaunanta ƴan haya ne. Masu gidajen na zaune wani wuri suna karɓar kuɗi.

Yadda gida ya koma kango

A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane domin nuna wa masu ba da bashi inda ke da haɗari. Unguwannin baƙaƙe, ciki har da Harlem, aka shafa musu jan launi. Shekara da shekaru bankuna suka ƙaurace wa irin waɗannan wurare. Mai son saye ba ya samun bashi, mai son gyara rufinsa ma haka. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariyar launin fata a harkar gidaje, amma kafin nan ɓarna ta riga ta yi nisa.

Gidan da aka gina wa iyali ɗaya sai aka yayyanka shi ɗaki-ɗaki. Falon alfarma ya zama ɗakuna biyu ko uku, mutum goma ko fiye suna layin banɗaki ɗaya. Wasu iyalai baƙaƙe da suka mallaki nasu, da kuɗin ƴan hayar ɗakunan sama suka riƙa biyan bashi da haraji, ta haka suka riƙe gidajen.

A shekarun 1970 birnin New York ya kusa tsiyacewa. Masu gidaje da dama suka daina biyan haraji, suka yi watsi da gine-ginen, gobara ta ci wasu. Hukumar birni ta riƙa ƙwacewa, har ta kai a shekarun 1980 fiye da rabin gine-ginen Harlem suna hannunta. Hodar iblis ta mamaye tituna. A wancan lokaci ana iya samun kango da araha, to amma wa zai ba ka bashin gyara shi? Waɗanda suka zauna suka jure, suna share ƙofar gida, suna kafa ƙungiyoyin layi, suna korar dillalan ƙwaya, su ne suka hana unguwar mutuwa.

Zuwan ƴan Afirka ta Yamma

A cikin wannan yanayi ne ƴan Afirka ta Yamma suka fara sauka, daga shekarun 1980. Ƴan Senegal ne suka fi yawa, shi ya sa ake kiran yankin titi na 116 Ƙaramar Senegal. Akwai ƴan Mali da Gine da Kodebuwa da Gambiya, akwai kuma ƴan Nijar. Karya darajar CFA da aka yi da rabi a watan Janairun 1994 ya ƙara tunzura matasa fita nema.

Paul Stoller, wani masanin al'adu Ba'amurke da ya daɗe yana bincike a ƙasar Songhai a Nijar, ya bi sawun fataken Nijar a Harlem, ya fitar da littafi a kansu a 2002 mai suna Money Has No Smell. Ya nuna yadda Hausawa da Zabarmawa suka baza teburori a titi na 125 suna sayar da huluna da yadudduka da jakunkuna da kaset, da yadda da yawansu suka riƙa cunkusuwa a wani otal mai araha a titi na 110, wanda suka yi wa laƙabi da Cent Dix. A watan Oktoban 1994 magajin gari Rudolph Giuliani ya tura ƴan sanda suka tashi masu teburori daga titi na 125. Wasu suka koma sabuwar kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116, wasu suka watsu zuwa wasu garuruwa.

Shagunan da aka daɗe da rufewa a titi na 116, baƙin nan ne suka buɗe su: gidajen abinci, shagunan kitso, teloli, mahauta, wuraren aika kuɗi gida. Fitila ta dawo titin da dare, mutane suka daina tsoron bi ta wurin. Amma kusan duka haya suke yi, shago da ɗakin kwana. Ribar da aka samu an aika ta gida, an ciyar da iyali, an aurar da ƙanne, an sayi fili a Yamai ko Maraɗi ko Dakar. Ba laifi ba ne, shi ne dalilin fitowar. Sai dai a Harlem ɗin ba a bar takardar mallaka ba.

Kura da shan bugu

Daga tsakiyar shekarun 1990 al'amura suka juya. Aikata laifuka ya ragu a duk birnin. A 1994 gwamnatin tarayya ta sa arewacin Manhattan cikin yankunan da za a zuba wa jari na musamman. A 2001 Bill Clinton ya buɗe ofishinsa a titi na 125. Hukumar birni ta riƙa sayar da gine-ginen da ke hannunta. Waɗanda tsadar kudancin Manhattan ta kora suka gano cewa a Harlem akwai gidaje masu dogon rufi da sassaƙen katako na da, kuma cikin minti 20 jirgi zai kai mutum tsakiyar gari.

Farashi ya tashi. A ƙidayar 2000 baƙaƙe sun haura kashi 75 cikin 100 na mazauna tsakiyar Harlem. Ƙidayar 2020 ta nuna yawansu ya ragu, na fararen fata ya ƙaru sosai. A 2017 katafaren kantin Whole Foods ya buɗe a titi na 125, a shekarar kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce saboda wasu dillalai sun fara kiran kudancin unguwar da sunan SoHa, abin da mazauna suka ɗauka yunƙuri ne na goge sunan Harlem. Masallacin Aqsa, wanda ƴan Afirka ta Yamma suka daɗe suna cika shi a kan titin Frederick Douglass, ya rasa wurinsa a farkon shekarun 2010 bayan kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. Iyalai da dama sun tattara sun koma Bronx, inda yanzu ƴan Afirka ta Yamma suka fi yawa a birnin.

Lissafin ba shi da wuya. Banki yakan so mai saye ya fara ajiye kashi 20 cikin 100 na kuɗin gida. A gidan dala miliyan 4, dala 800,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a birnin New York a 2025 dala 16 da rabi ne a awa. Mai aikin awa 40 a mako zai samu kusan dala 34,000 a shekara. Ko da bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, bai aika ko dala ɗaya gida ba, sai ya yi fiye da shekara 23 kafin ya haɗa kuɗin ajiyar kawai. Ita hayar ma, masu gidaje da yawa sai sun ga shaidar cewa abin da mutum ke samu a shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40.

Wanda kakarsa ta sayi gida a shekarun 1950 ta kuma riƙe shi, yau yana zaune a kan dukiya. Maƙwabcinsa da ya yi shekara 30 yana haya a layi ɗaya, ya sha wahala iri ɗaya, ba shi da komai a hannu ranar da aka ce ya tashi.

Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo

Shi ma mai sayen ba hutu ya saya ba. Bayan an rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, abin da ya fusata jama'a, birnin ya kafa hukumar kare gine-ginen tarihi a 1965. Strivers' Row ya shiga ƙarƙashin kariyarta a 1967, yankin Mount Morris Park da gidan Maya Angelou yake ciki kuma a 1971. A irin waɗannan wurare mai gida ba zai canza taga ko ƙofa ko ƙarfen matakala ba sai da izinin hukumar. Wannan doka ce ta sa layukan suka tsira da kamanninsu, ita ce kuma ke ƙara wa gyara tsada.

Dutsen kansa mai laushi ne. Ruwa na shiga cikinsa, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan, fuskar ginin ta riƙa ɓarewa. Mahaƙar ƙarshe ta Portland ta rufe a 2012, don haka magina na kwaɓa siminti ne da launi su kwaikwayi dutsen. Ga tsofaffin wayoyin lantarki, ga bututun ruwa, ga fenti mai gubar dalma, ga kuɗin ɗumama hawa huɗu daga Nuwamba zuwa Maris.

Akwai kuma haraji na musamman da mai saye ke biya a kan duk gidan da ya kai dala miliyan 1. Tun 2019, a gidan da ke tsakanin dala miliyan 3 da 5, harajin kashi 1.5 ne cikin 100, wato dala 60,000 a gidan miliyan 4. Idan kuma gidan na daga cikin waɗanda aka taɓa yankawa ɗaki-ɗaki, kafin a mayar da shi na iyali ɗaya sai an samo takarda daga hukumar gidaje ta birni, wadda ke shaida cewa ba a musguna wa ƴan haya don su fita ba. Ya kamata duk mai zaune a irin wannan ɗaki ya san da wannan. A New York mai gida ba shi da ikon canza makulli ko fitar da kayan wanda ya yi kwana 30 yana zaune bisa ƙa'ida, sai da hukuncin kotu.

Gidan gado da ɓarayin takarda

Tsadar ta jawo wata sabuwar sata. Akwai masu bin tsofaffi da magada, su kawo takardu da sunan taimakon biyan bashi, a sa hannu, ashe gidan aka sallama. Wasu kuma sa hannun mamaci suke ƙirƙira. A 2023 ofishin babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ya gurfanar da wani mutum bisa zargin mallake gidaje biyu irin waɗannan a Harlem da takardun jabu. Daga watan Yulin 2024 dokar jihar ta ayyana satar takardar gida a matsayin laifin sata kai tsaye. Hukumar birni kuma na da tsarin kyauta da ke sanar da mai gida duk lokacin da aka shigar da wata takarda a kan gidansa.

Ɗaya hanyar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin rikicin gidan gado. Mai gida ya rasu bai bar wasiyya ba, gida ya zama na ƴaƴa da jikoki, wasu ma ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Ɗan kasuwa ya nemo magaji ɗaya da ke nesa, ya sayi kasonsa da araha, sannan ya je kotu ya ce a sayar da gidan duka a raba kuɗi. A 2019 jihar New York ta yi dokar da ta ba sauran magada damar fara sayen kason, ta kuma wajabta a kimanta gidan a zauna sulhu kafin a kai ga sayarwa. Dokar ta rage ɓarna, amma iyalan da suka rasa gidajensu kafin zuwanta sun riga sun rasa.

Ga ɗan ci-rani da ke New York ko Paris ko Brussels, labarin wannan gida bai ce lalle sai ya sayi gida a can ba. Wani gina gida a Damagaram ko Tawa shi ya fi masa, kuma yana da hujjarsa. Abin lura shi ne, a can ko a nan, wanda sunansa ke kan takarda shi ke cin riba idan unguwa ta yi daraja. Filin da aka aika kuɗi aka saya a gida, da sunan wa aka rubuta shi? Ɗakin da ake haya a can, akwai yarjejeniya a rubuce? Idan ta Allah ta kasance, magada sun san inda takardun suke?

A titi na 120 jerin gidajen na nan yadda aka gina su, doka ta hana a taɓa fuskarsu. A titi na 116 kuma masu shagunan da suka rage suna buɗewa kowace safiya, da yawansu sai sun hawo jirgi daga Bronx.